Finafinan tarihin neman 'yanci: daga majigi zuwa wayar hannu, abin da ƙasar Hausa ta adana da abin da ke salwanta

Fim ɗin tarihi na gaskiya, wanda 'yan sana'ar suke kira dokumentari, shi ne wanda ake ginawa a kan abin da ya faru tabbas. Ana haɗa shi ne da tsofaffin hotuna masu motsi da marasa motsi, da takardu, da muryoyin waɗanda suka shaida lamarin, da bayanin masana. Bambancinsa da fim ɗin wasan kwaikwayo shi ne alkawarin da yake ɗaukar wa mai kallo cewa ba a ƙagi labarin ba, kuma duk abin da aka faɗa akwai hujjar da za a iya komawa gare ta.

A ƙasashe da dama, jigon da ya fi kowane girma a wannan fanni shi ne yadda ƙasa ta fita daga hannun baƙi, da abin da gwagwarmayar ta bar wa na baya na haƙƙi da nauyi. Wannan bayani ya duba yadda lamarin yake a Arewacin Najeriya da kudancin Nijar: wane tarihi ne ake da shi, wa ya ɗauke shi a fim, ina fayafayen suke a yau, kuma me ya haɗa su da rayuwar mutumin da ke zaune a gari irin Bauranya ta ƙaramar hukumar Kusada a Jihar Katsina.

Najeriya ta yi yaƙin neman 'yanci?

Najeriya ba ta karɓi mulkin kai da bakin bindiga ba, kamar yadda Aljeriya ko Mozambik suka yi. An kai ga ranar 1 ga Oktoba, 1960 ne ta hanyar jam'iyyu, jaridu, yajin aiki, zaɓe da tarurrukan tsarin mulki a Landan da Legas. Sai dai wannan ba ya nufin ba a zubar da jini ba. Tarihin ya kasu zango biyu.

Zango na farko shi ne na tirjiya da makami lokacin shigowar Turawa. Kano ta faɗa hannun sojojin Ingila a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. A watan Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka fatattaki wata rundunar Turawa, kafin a dawo a watan Maris a shafe garin baki ɗaya. A cikin shekarar ne kuma aka ci Haɗeja da yaƙi, aka kashe sarkinta. Katsina ba ta yi fito-na-fito da Turawa ba, amma cikin 'yan shekaru kaɗan suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe Yero da ya gaje shi, suka ɗora Muhammadu Dikko a 1906.

Zango na biyu shi ne na siyasa. A Kudu an yi boren matan Aba a 1929, an kuma harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Enugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A Arewa an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, NPC ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Ƙudurin da Anthony Enahoro ya gabatar a 1953 na neman mulkin kai ya jawo saɓani tsakanin Kudu da Arewa, har aka yi tarzoma a Kano a watan Mayu na shekarar. Jihar Arewa ta samu mulkin kanta na cikin gida ranar 15 ga Maris, 1959.

Zangon farko kusan ba shi da hoto mai motsi, domin kyamarar fim ba ta zama ruwan dare a wannan yanki ba a lokacin. Zango na biyu yana da hotuna, amma tambayar ita ce wa ya ɗauke su, kuma don wace manufa.

Majigi: yadda fim ya fara shiga ƙauye

Mafi yawan mutanen karkarar Arewa sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi. Kalmar ta samo asali daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Wani jami'in kiwon lafiya na gwamnatin mulkin mallaka mai suna William Sellers ne ya fara amfani da fim a Legas tun ƙarshen shekarun 1920 don faɗakarwa kan annoba da tsafta. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mallaka, ta ba Sellers jagorancinsa. Sashen ya yi aiki har 1955.

Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji a kan zaton cewa Baƙar fata ba zai fahimci fim mai sauri ba. Don haka aka riƙa yin finafinai masu tafiyar hawainiya, masu darasi guda ɗaya, galibi a kan mutum biyu: mai bin shawarar hukuma ya ci riba, mai taurin kai ya yi asara.

Tsarin nunawar ya kasance iri ɗaya a ko'ina. Mota ce take zuwa ɗauke da janareta, da na'urar haska fim, da farin ƙyalle, da lasifika. Ana sanar da hakimi ko dagaci tun da wuri, a yi shela, jama'a su taru a ƙofar fada ko filin kasuwa bayan sallar isha'i. Ba a biyan ko kwabo. Tafinta yana tsaye a gefe yana bayani da Hausa, kuma sau da yawa abin da ya faɗa shi ne fim ɗin a wurin jama'a, ko ya dace da nufin waɗanda suka shirya ko bai dace ba. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafafen sadarwa a Kano, ya nuna yadda majigi ya zama wata hanya ta nuna ƙarfin hukuma, dabam da gidajen sinima na kuɗi irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937.

Bayan an raba ƙasar zuwa jihohi masu cin gashin kansu a 1954, gwamnatin Arewa ta samu nata sashen finafinai a Kaduna, ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai. Fim ɗin da ya fi zama a zukatan dattawa daga wannan zamani shi ne Baban Larai, wanda ya koyar da noman zamani, musamman auduga, kuma masu nazarin finafinan Hausa suna danganta ɗaukarsa da Daudawa ta ƙasar Katsina, wadda ta yi suna a harkar auduga. Majigi ya kuma yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie, ɗan Katsina, yake cikin manyan jagororinsa.

Wa ya riƙe kyamara?

Hotunan da ake maimaitawa kowace ranar 1 ga Oktoba sanannu ne: Gimbiya Alexandra tana miƙa takardun mulki, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana jawabi, 'yan makaranta suna maci, mahaya suna jahi a hawan daba. Waɗanda suka ɗauki irin waɗannan hotuna su ne sassan finafinai na gwamnati da kamfanonin labaran sinima na Ingila irin su British Pathé. Haka aka yi a hawan dabar da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Fim ɗin Giant in the Sun na 1959, wanda aka yi wa gwamnatin Arewa, ya nuna masaƙu, asibitoci, makarantu da dalar gyaɗa, a matsayin shaidar cewa yankin ya isa ya riƙe kansa.

Abin da waɗannan finafinai suka ɗauka gaskiya ne, amma gaskiyar da mai mulki yake son a gani ce. Kyamara ba ta shiga kotun alƙali ranar da ake yanke wa ɗan NEPU hukuncin bulala ko ɗauri saboda ya yi lacca ba da izini ba. Ba ta bi 'yan doka gida-gida lokacin karɓar haraji da jangali ba. Ba ta ɗauki waɗanda aka tilasta wa aikin haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya ba a yadda su suka ji abin a jikinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan siyasa da neman haƙƙin mata, amma ba irin wannan labari ake kai wa filin majigi ba.

Wannan giɓi shi ne matsala ta farko da duk mai son shirya fim ɗin tarihin 'yanci a Arewa zai ci karo da ita. Idan ya dogara da tsofaffin hotuna kaɗai, zai maimaita labarin fada da na gidan gwamnati, ya bar talaka a matsayin ɗan kallo a bakin hanya.

Gidan talabijin na farko a ƙasar ya fara aiki a Ibadan a watan Oktoban 1959, na Kaduna kuma a 1962. Daga cikin 'yan Arewa da suka fito daga sashen finafinai na gwamnati, Adamu Halilu ne ya fi shahara. Ya shirya finafinan faɗakarwa masu yawa, sannan a 1976 ya yi Shaihu Umar, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934. Masana'antar finafinan bidiyo ta Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta karkata ga soyayya da zamantakewar iyali, domin nan ne kasuwa take.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, wata doka ta 1934 mai ɗauke da sunan minista Pierre Laval ta hana ɗaukar fim sai da izinin hukuma. Wani matashin Bafaranshe, René Vautier, ya karya ta ya yi Afrique 50, wanda ya fallasa zaluncin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. An yanke masa hukuncin ɗauri, aka hana nuna fim ɗin shekaru da dama. Daga baya ya shiga cikin mayaƙan Aljeriya da kyamararsa a yaƙin da aka yi daga 1954 zuwa 1962. Fim ɗin da ya fi suna kan wannan yaƙi, The Battle of Algiers na 1966, wasan kwaikwayo ne, amma Gillo Pontecorvo ya ɗauke shi da salon labaran sinima har mutane da yawa suka zaci hotunan asali ne. Wannan darasi ne ga mai kallo: kamannin gaskiya ba hujja ba ne.

A Gini Bisau, Amílcar Cabral ya tura matasa huɗu zuwa Kuba a 1967 su koyi aikin fim, domin ya fahimci cewa wanda bai ɗauki hoton yaƙinsa ba, abokin gaba ne zai ba da labarinsa. Biyu daga cikinsu, Flora Gomes da Sana na N'Hada, sun zama iyayen sinimar ƙasar. Mozambik, bayan 'yancin 1975, ta kafa cibiyar finafinai ta ƙasa wadda take fitar da labaran mako-mako masu suna Kuxa Kanema, ana kai su ƙauyuka a mota kamar majigi. Gobarar da ta tashi a cibiyar a 1991 ta durƙusar da aikin. A Bangaladash, Zahir Raihan ya yi Stop Genocide ana tsakiyar yaƙin 1971, shi kansa ya ɓata a watan Janairun 1972.

Amurka tana da matsala irin ta Satiru da Burmi, domin yaƙin neman 'yancinta na 1775 zuwa 1783 ya riga ƙirƙiro kyamara. A shirin The American Revolution mai kashi shida da tashar PBS ta nuna a watan Nuwamban 2025, Ken Burns da abokan aikinsa sun yi amfani da zane-zane, taswirori, wasiƙu da littattafan ajiyar sirri na mutanen zamanin, da hotunan filayen da aka yi yaƙin. Sun kuma ba da wuri ga bayi da 'yan asalin ƙasar, waɗanda tsofaffin labarai suka saba tsallakewa. Rashin hoto mai motsi, ke nan, bai isa ya zama uzuri ba.

Kenya ta nuna cewa tono tarihi yana iya kaiwa ga shari'a. Bayan binciken masana da 'yan jarida, da ƙarar da tsofaffin fursunonin zamanin Mau Mau suka shigar a Landan, gwamnatin Ingila ta amsa a 2011 cewa tana riƙe da dubban takardun mulkin mallaka da aka kwashe a ɓoye. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228.

Ƙasar Hausa ta Nijar

Misali mafi kusa da gida yana ƙetaren iyaka. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Paul Voulet da Julien Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. A Lugu ta gamu da tirjiyar Sarauniya Mangu. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin a littafinsa na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim mai suna Sarraounia a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987.

A 2020 Rob Lemkin ya fitar da African Apocalypse, fim ɗin gaskiya wanda Femi Nylander ya bi sawun rundunar Voulet a cikinsa daga gari zuwa gari. Ƙarfin fim ɗin yana cikin bakin jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda aka kashe, waɗanda suka riƙe labarin fiye da shekara 120 ba tare da takarda ba. Hakan ya tabbatar da cewa ruwayar baka, idan an tattara ta da kula aka gwama ta da takardun sojan da ya yi ɓarnar, tana iya ɗaukar nauyin fim.

Akwai kuma labarin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ƙi zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958. An haramta ta a 1959, Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta, 1960, sannan a 1964 da 1965 'yan Sawaba suka ɗauki makami aka murƙushe su. Jam'iyyar tana da alaƙa da 'yan NEPU na Kano, kuma iyakar Katsina da Maraɗi ba ta taɓa raba dangi da kasuwa ba. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya rubuta littafi mai kauri a kanta a 2013, bayan hira da tsofaffin 'yan jam'iyyar masu yawa.

Ina fayafayen suke?

Zaren fim abu ne mai rai da ajali. Na farko-farko, wanda aka yi da sinadarin naitiret, yana kama wuta da kansa idan ya tsufa a wuri mai zafi. Wanda ya biyo bayansa, na asitet, yana ruɓewa a hankali, yana fitar da wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna har ya gagara warwarewa. Zafi da laima ne suke gaggauta wannan, kuma ciwon yana yaɗuwa daga gwangwani zuwa na kusa da shi. Maganinsa ɗaki mai sanyi da bushewa dare da rana, abin da ke buƙatar wutar lantarki marar yankewa. Kaset ɗin bidiyo da gidajen talabijin suka koma amfani da shi yana da nasa ciwon, ga kuma al'adar goge tsohon shiri don a ɗauki sabo a kai.

An kafa Hukumar Finafinai ta Najeriya a 1979, hedikwatarta tana Jos, kuma a ƙarƙashinta ne ma'adanar finafinai da sauti ta ƙasa take. Mai shirya finafinai Didi Cheeka da abokan aikinsa sun gano ɗaruruwan gwangwanayen fim da aka yi watsi da su a tsohon ginin sashen finafinai na zamanin Turawa a Legas. Ta dalilin wannan aiki aka gano Shaihu Umar, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓata. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Ministan farko na ƙasar ya tsira ne da ƙyar, to ina ga labaran mako na lardunan Katsina, Zariya da Sakkwato?

Wani kaso mai yawa na hotunan zamanin yana Ingila. A 2014 British Pathé ta ɗora finafinai kusan 85,000 a YouTube, ciki har da na Najeriya. Kallo kyauta ne, amma wanda zai sa su a fim ɗinsa sai ya sayi lasisi da kuɗin waje, kuma ana lissafin farashin ne da tsawon abin da aka ɗauka. Ga matashin da ke aiki da kyamara ɗaya a Katsina ko Funtuwa, wannan kaɗai yana iya kashe aikin tun kafin a fara.

Takardu sun fi samun gata. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da reshe a Kaduna mai ɗauke da rahotannin razdan da na di'o kan larduna da gundumomi, har da ƙididdigar haraji. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana da takardu da rubuce-rubucen ajami da na Larabci. A birnin Katsina akwai gidan tarihi na ƙasa a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, su ma taska ce.

Ƙa'idojin aikin

Aikin mai shirya irin wannan fim ya yi kama da na ɗan jarida mai bincike. Matakin farko shi ne tantance hujja. Kowace da'awa tana buƙatar majiya fiye da ɗaya. Rahoton di'o yana da son zuciyar mai mulki, ruwayar jikan hakimi tana kare gidansu, ta ɗan tsohon ɗan adawa ita ma tana da nata ɓangaren. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya kafa misali a bincikensa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981, inda ya auna ruwayoyin baka da rubutattun majiyoyi da ma'auni ɗaya, bai ɗauki ko ɗaya a matsayin abin da ya fi ƙarfin tambaya ba.

Na biyu shi ne gaskiya wajen amfani da hoto. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko hoton wani gari ko wata shekara a ɗora a kan labarin da ba nasa ba, don kawai a cike allo. Idan an sa 'yan wasa su kwaikwayi abin da ya faru, wajibi ne a rubuta hakan a fili. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da manhajojin kwamfuta suke iya ƙirƙiro hoto da murya masu kama da na da.

Na uku shi ne haƙƙin wanda aka yi hira da shi. Dole a gaya masa inda za a nuna fim ɗin, a nemi yardarsa, kuma kada a yanke maganarsa ta yadda za ta juya ma'ana. A garuruwan da zuriyar wanda ya yi bulala da ta wanda aka yi wa suke sallah a masallaci ɗaya, har ma sun haɗa aure, ambaton suna abu ne da ake aunawa. Hira da tsofaffin mata tana buƙatar mace a cikin ma'aikata, in ba haka ba rabin labarin zai tsaya a bayan zaure.

Na huɗu shi ne harshe da hanyar isarwa. Fim ɗin da aka yi da Ingilishi aka kai bukukuwan Turai bai dawo gida ba. A yau wayar hannu ta gaji majigi: ana tura fim ta WhatsApp, ana loda shi a katin waya a shagon masu caji, ana kallo a gidajen kallon ƙwallo. Kafin a fitar da shi kasuwa kuma akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001.

Gadon da ya shafi ɗan ƙasa

Amfanin wannan fanni bai tsaya ga tuna baya ba. Abubuwa da yawa da ake ɗauka kamar haka aka same su, an yi gwagwarmaya kafin a samu. A zaɓen tarayya na Disamban 1959, wanda ya kafa gwamnatin 'yanci, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. Sai a 1976 aka ba su wannan haƙƙi, suka yi amfani da shi a babban zaɓen 1979. 'Yan doka, gidajen yari da kotunan da ke hannun En'e an karɓe su ne bayan juyin mulkin 1966, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo tsarin da ake kai yanzu. Haraji da jangali, waɗanda NEPU ta yi shekaru tana kuka a kansu, gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna ne suka soke su bayan hawansu a 1979. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, kafin a ba ta jiharta a 1987, don haka manoman Kankiya da Kusada suna cikin waɗanda sokewar ta shafa kai tsaye.

Haka nan akwai abin koyi a ɓangaren waɗanda suka riƙe mulki: gina Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da horar da ma'aikatan Arewa cikin gaggawa, aikin da 'yan Katsina irin su Alhaji Isa Kaita, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi, suka taka rawa a ciki. Fim mai adalci zai nuna duka biyun, ya bar mai kallo ya yi hukunci.

Buƙatar ta ƙaru saboda an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi shekaru kafin gwamnati ta sanar da maido shi. Matasan da suka yi karatu a wannan tsakani kaso ne mai yawa na masu jefa ƙuri'a a yau. Wanda bai san cewa an ɗaure mutane kafin kakarsa ta samu damar zaɓe ba, ba abin mamaki ba ne ya sayar da tasa ƙuri'ar a kan taliya da sabulu.

Abin da ba ya jira

Gyaran tsohon fim yana buƙatar na'urori masu tsada da hannun gwamnati. Ɗaukar hira kuwa ba ya buƙatar fiye da waya mai kyau, ƙaramin makirfo, da mai tambaya da ya yi shiri. Duk wanda ya kai shekara 20 a ranar 'yanci ya haura 80 yanzu. A Bauranya, Yashe, Mawashi, Kusada da Kankiya, kamar sauran garuruwan karkara, waɗannan dattawa ne suka rage da za su iya faɗin wace jam'iyya ce ta fara kafa tuta a garin, nawa ake biya na haraji, me ke samun wanda ya kasa biya, yadda aka jefa ƙuri'ar 1959, da abin da tafintan majigi yake cewa.

Sassan koyon aikin jarida da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Kwalejin Hassan Usman Katsina suna iya mai da wannan aikin ɗalibai na kammala karatu, gunduma bayan gunduma. Sharaɗin shi ne a rubuta sunan mai magana, garinsa, ranar hira da yardarsa, a ajiye asalin abin da aka ɗauka ba tare da yanka ba, kuma a yi kofe a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a makaranta, ɗaya a hukumar tarihi da al'adu ta jiha, ɗaya a hannun iyalin wanda ya yi maganar. Fim ɗin kansa ana iya haɗa shi bayan shekara goma idan kuɗi ya samu, amma hirar da ba a ɗauka a bana ba, mai yiwuwa baɗi babu wanda za a yi ta da shi.